Wuyan Kia, tiyon GM da zoben alminiyam: sharhi kan kayan juya hanyar ruwa a injin Mazda MX-5

Injin da ke cikin Mazda MX-5 ta farko, wadda aka fara nunawa a Chicago a 1989, ba don ita aka ƙera shi ba. Daga Mazda 323 aka ɗauko shi, kuma a cikin 323 a gicciye yake zaune, yana jan ƙafafun gaba. A wancan zaman, famfon ruwa yana tura ruwa ta gefen tayimin bel, ruwan ya bi silinda huɗun ɗaya bayan ɗaya, ya fita ta ɗaya ƙarshen inda tamostat take, wato bawul ɗin da ke buɗe wa ruwa hanya idan inji ya yi zafi, sannan ya tafi lagireto. Da aka miƙar da injin a tsaye don ya ja ƙafafun baya, wancan ƙarshen ya koma jikin bangon da ya raba inji da cikin mota, wurin da hannu ma da ƙyar yake shiga. Sai Mazda ta dawo da tamostat gaba. Sakamakon haka ruwa ta gaba yake shiga, ta gaba kuma yake fita. Ruwa kuwa ba ya neman doguwar hanya. Mafi yawansa yana hawowa kan inji ta ramukan silinda ta ɗaya da ta biyu ya kama gabansa, ya bar ta huɗu da ɗan abin da hita ke ja ta baya.

Motar da ba a taɓa injinta ba, ana tuƙa ta cikin gari, tana iya shekaru da wannan tsari ba a ji kanta ba. Amma da zarar an ɗora mata turbo, ko ana kai ta filin tsere, ko tana aiki a ƙasa mai zafi da AC a kunne, silinda ta huɗu ce ke fara ƙwanƙwasa, kuma a bayan kan inji gaskit ke fara sallamawa. Maganin da masu wannan mota a Amurka da Ingila suka daɗe da sani shi ne a mayar da tamostat baya, a toshe mafitar gaba, a ja dogon tiyo daga bayan inji zuwa lagireto. Wannan ya shafi samfurin NA na 1989 zuwa 1997 da NB na 1998 zuwa 2005 kawai, masu injin 1.6 da 1.8. NC da ta biyo bayansu injinta daban ne, ba ta da wannan larura.

Akwai kamfanoni da ke sayar da haɗin a kwali guda, irin su Supermiata da Flyin' Miata. Abin da wannan sharhi ya fi mayar da hankali a kai shi ne tsohon haɗin hannu wanda mutum ke tattarawa da kansa: wuyan tamostat na Kia Sephia, zoben tsakani na alminiyam, tiyon saman lagireto na manyan motocin GM (General Motors ta Amurka), da farantin toshe gaba. Hukuncinmu a taƙaice: haɗin yana aiki sosai, kuɗinsa bai kai rabin na kwali ba idan an yi sa'ar kaya, amma dukkan alherinsa da sharrinsa a jikin zoben suke. Idan zoben ya yi daidai, sauran aikin haƙuri ne. Idan bai yi ba, gyaran gangar Auzinawa aka yi.

Wuyan Kia

Dalilin da ya sa kayan Kia ke hawa kan injin Mazda ba wani sihiri ba ne. Sephia ta farko da injinan Mazda aka yi ta, kuma mai 1.8 ta 1995 zuwa 1997 injin BP ne a cikinta, ɗan uwan na MX-5 uwa ɗaya uba ɗaya. Saboda haka ramukan noti biyu na wuyanta sun yi daidai da na bayan kan injin MX-5. Abin da ya sa aka fifita shi a kan na 323 da Protegé, sunan 323 a Amurka, shi ne siffarsa: gajere ne, kuma yana karya kwana nan take zuwa ɓangaren manifol na iska, wato hannun dama na mota, inda ake son tiyo ya bi. Tsakanin kan inji da bango 'yan santimita ne kawai, wuyan da ya miƙe kai tsaye ko ya kalli ɓangaren salansa ba shi da amfani a nan.

Sephia ta 1998 zuwa sama injinta na Kia ne, kada a ce tunda sunan ɗaya ne kayan ma ɗaya ne. Wanda zai nema a kasuwar tsofaffin kaya, ko a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna inda kayan Mazda 323 ba su yi wuya ba, ya tafi da gaskit ɗin tamostat na MX-5 a aljihu, ya ɗora a fuskar wuyan ya ga ramuka sun hau. Sannan ya duba abu biyu. Na farko bakin da tiyo ke hawa: alminiyam da ya sha ruwan rijiya yakan yi ƙananan ramuka kamar zanzana, kuma kilif ba ya iya toshe su. Na biyu fuskar da ke kwanciya kan gaskit. A shimfiɗa samfefa mai lamba 320 a kan gilashi, a goga fuskar sau kaɗan. Idan haske ya bayyana a kunnuwan noti kawai, tsakiya ta zauna da duhunta, an taɓa ɗaure shi fiye da kima ya lanƙwashe. Ana iya ci gaba da gogawa har ya daidaita, in dai lanƙwasar ba ta yi yawa ba.

A matsayin kaya, wuyan ba shi da abin kushewa. Na kamfani ne, an yi shi don wannan zafi da wannan matsi, kuma bakinsa ya yi daidai da tiyo mai faɗin milimita 32, wanda shi ne na lagireton MX-5.

Zoben tsakani, inda gizo ke saƙa

A tsarin Mazda, murfin da ke bayan kan inji abu biyu yake ɗauke da su: bututun da ke kai ruwa hita, da sansa mai gaya wa ƙwaƙwalwar mota zafin ruwa. Da zarar an cire murfin an sa wuyan Kia, waɗannan biyun sun rasa mazauni. Aikin zoben shi ne ya ba su mazauni, kuma dole mazaunin ya kasance kafin tamostat, ba bayanta ba. Jerin daga inji zuwa waje haka yake: kan inji, gaskit, zobe, tamostat, gaskit, wuya.

Me ya sa muke nanata wannan? Hitar MX-5 ba ta da bawul. Ruwa yana bin ta kullum, ko an kunna ɗumi ko ba a kunna ba, ya dawo ta bututun ƙarfe da ke ƙarƙashin manifol na salansa zuwa mashigar famfo. Wannan zagaye shi ne hanyar da ruwa ke motsawa a cikin inji lokacin da tamostat ke rufe. Idan aka ɗauki ruwan hita daga bayan tamostat, to duk tsawon lokacin da inji ke ɗumama kusan babu abin da ke motsi. Famfo yana juyawa a kan rufaffiyar ƙofa, ruwan da ke kewaye da bawul na salansa yana tafasa a wurinsa, tamostat kuma tana zaune cikin ruwan da bai ji labari ba. Sai ta buɗe a makare, ruwan sanyi ya kwararo wa ƙarfen da ya riga ya yi zafi, allurar zafi ta dashbod ta riƙa hawa da sauka. Wannan ya fi tsarin Mazda muni nesa ba kusa ba. Haka kuma wanda ya cire hita gaba ɗaya, kada ya toshe bakunan biyu. Ya haɗa su da tiyo domin zagayen ya ci gaba.

Kuskuren da ke ɗaya gefen shi ne a mayar da ruwan da ya fito daga hita cikin tiyon saman lagireto, da tunanin ai gara ya huce. Yin haka ya buɗe wa ruwa hanyar zagaye tamostat ke nan, inji zai yi ta fama bai kai zafin aiki ba. A bar dawowar hita inda Mazda ta sa ta.

Ana sayar da zoben a shirye, kamfanin BEGi na Texas yana cikin waɗanda suka yi suna da shi. Wanda zai ba mai injin sassaƙa ƙarfe ya yi masa, ga abin da zai faɗa masa. Alminiyam ne gunduma guda, ba wanda aka narka a tukunya aka zuba ba, domin na zubi yakan fito da ƙananan kofofi da ke tsattsafo. Kaurin ya isa ya ɗauki bututun hita mai milimita 16 da ramin sansa mai haƙori M12 x 1.5, abin da ke kai shi wajen milimita 25 zuwa 30. Kada a wuce haka, kowace milimita daga rabon tazarar bango ake cire ta. A fuskar da ke kallon wuya a sassaƙa ɗan gurbi wanda leɓen tamostat mai milimita 52 zai zauna ciki daidai da fuskar, bai nutse ba, bai ɗago ba. Idan gurbin ya yi zurfi, tamostat za ta riƙa rawa, ruwa ya zagaye ta. Idan bai kai ba, ɗaure noti zai fasa kunnen wuyan.

Sai wurin da bakin sansa zai tsaya. Dole ya leƙo cikin ruwan da ke gudu, kuma kada ya taɓa sifirin ɗin tamostat, wanda ke kallon cikin inji yana cike mafi yawan ramin zoben. A haɗa su a kan tebur tukuna, a leƙa ta ciki. Sansan da washa yake toshewa, ba da haƙori ba, don haka bakin ramin yana buƙatar shimfiɗaɗɗiyar fuska da washar tagulla ko alminiyam sabuwa. Bututun hita kuwa ya kalli ɓangaren salansa, inda bakunan hita suke a jikin bango.

Ƙasan zoben yakan zo kusa da saman bakin giyabos. Idan ya taɓa, za a ga kamar ya zauna alhali ƙasansa bai matse gaskit ba, kuma yoyon zai fito a wurin da ido ba ya gani. A gwada shi ba gaskit, a zura takarda a ƙarƙashinsa. Idan ba ta wuce ba, a rage gefen zoben da fayil. Notin asali sun yi gajarta yanzu, ana buƙatar M8 x 1.25 masu tsawon da zai ratsa wuya da zobe ya shiga kan inji aƙalla milimita 12. Wanda ya yi tsawo da yawa zai buga ƙarshen rami ya ba ka ƙarfi a hannu alhali bai matse komai ba. Ɗaurin tsakanin Nm 19 ne da 25, kuma kan inji alminiyam ne, ba ya yafe wa mai nauyin hannu.

Babban raunin wannan tsari a fili yake: gaskit biyu ne a wuri ɗaya, tamostat kuma a tsaye take a tsakaninsu, a inda ake aiki da lalube. Abin da ya fi yawan faruwa shi ne tamostat ta zame daga gurbinta daidai lokacin da ake ɗora wuya, leɓenta ya maƙale tsakanin fuskoki biyu. A ɗiga gam ɗin gaskit kaɗan a leɓen, a manna ta a gurbin, a ba ta minti 20 ta kama kafin a kai ta baya. Ɗan ramin fitar iska da ke jikinta ya kalli sama. Idan wadda aka saya ba ta da shi, a huda guda ɗaya na milimita 2, ba uku ba, ba huɗu ba. Gam kuma a shafa shi siriri. Abin da ya ɓulɓulo ta ciki yana ɓallewa ya tafi ya toshe ƙananan bututun hita.

Game da tamostat ɗin kanta, mai buɗewa a digiri 82 ta dace da motar tsere da ta ƙasa mai zafi, mai 88 ta fi kusa da ta kamfani. Amma a sa ta. Al'adar nan da ta zama ruwan dare a garejojinmu, ta cire tamostat a haɗa fanka kai tsaye da makulli, a nan ta fi ko'ina illa. Bayan juyin, ruwa yana ɗaukar zafi fiye da da, lagireto yana zubar da shi da kyau, injin da ba tamostat zai zauna a sanyi. Ƙwaƙwalwar mota za ta ɗauka har yanzu safiya ce, ta ci gaba da ƙara fetur, fetur ɗin ya wanke mai daga jikin silinda.

Tiyo, da abin da zai ci karo da shi a hanya

Tiyon da aka fi amfani da shi na saman lagireton Cadillac Escalade ne da 'yan uwanta Chevrolet Tahoe da Silverado masu V8 na farkon shekarun 2000. Dogo ne, kuma kwanar da ke ƙarshensa tana zuwa daidai da bakin wuyan Kia. Yana bi ta gefen manifol na iska ya fito gaba kusa da maƙoshin iska. Ba a yi shi don wannan mota ba, saboda haka sai an yanka, kuma sau da yawa sai an haɗa shi da guntun tsohon tiyon sama na MX-5 kafin ya kai bakin lagireto. A riƙa rage shi santimita ɗaya ɗaya ana gwadawa.

Mahaɗin ya zama alminiyam ko bakin ƙarfe mara tsatsa mai milimita 32, kuma kowane baki yana da ɗan tudu da ke riƙe kilif. Bututun da bakinsa sumul yake zai riƙe a gareji, ya fizge a kan hanya lokacin da matsi ya kai bar guda. Idan ba injin yin tudun, mai walda ya zagaya bakin da siririn layi a goge shi. Bututun famfon gida, na roba ko na ƙarfe, ba shi da wuri a nan. Wasu sukan yi mafi yawan tsawon da bututun ƙarfe, roba a kai da ƙarshe kawai. Hakan yana da kyau, amma dole a ɗaure bututun a jikin inji, ba a jikin mota ba, domin inji yana motsi a kan kujerunsa, kuma robar da ke gaba ce za ta shanye motsin.

Dogon tiyo cike da ruwa yana da nauyi, kuma duk abin da ya jingina da shi zai ci shi. Wurare uku ne abin dubawa: ƙarfen da ke riƙe bututun kulochi a jikin bango, gefen manifol, da bel ɗin altaneta a gaba. A ɗaure shi a wuri biyu aƙalla da kilif mai roba a ciki, a bar yatsa biyu tsakaninsa da bel. Inda ba makawa sai ya taɓa wani abu, a tsaga guntun tsohon tiyo a sa masa riga. A motocin Ingila da Japan masu sitiyari a dama wurin ya fi matsewa, domin tukunyar birki da sandar sitiyari a wannan ɓangaren suke.

Robar tiyon GM irin ta kamfani ce, tana jure zafi da shekaru, amma ba ta shiri da baƙin mai. A NA akwai sansan kamshaf a bayan kan inji, kuma zoben robarsa ya yi ƙaurin suna wajen ɗigar da mai a kan tiyon da ke ƙasa har ya kumbura ya fashe. Tunda za a cire sansan don samun wuri, a sauya zoben. Kafin a kwance shi a yi masa alama, bayan an mayar a haɗa bakunan waya masu alamar TEN da GND a akwatin gwaji a duba tayimin da fitila, digiri 10 ne na kamfani.

A injin 1.8 akwai bututun EGR, mai mayar da ɗan hayaƙin salansa cikin manifol na iska, da ke ratsawa ta bayan kan inji, daidai inda wuya da tiyo ke son wucewa. Sai an sassauta shi daga bakunansa biyu, wani lokaci a ɗan lanƙwasa shi, kuma yana yin zafi sosai, don haka tiyo na buƙatar rigar kare zafi a nan. Kwayil ma yakan buƙaci a ɗaga shi ko a rage ƙasan ƙarfen da ke riƙe shi. Wayar sansan zafi takan gaza kaiwa sabon wuri. A ƙara ta da dalma da rigar waya, ba murɗawa da salatif ba, domin sansan da juriyar lantarki yake magana, mahaɗi mai datti zai sa ƙwaƙwalwa ta ga sanyi inda ake da zafi.

Mafi sauƙin lokacin wannan aiki shi ne sa'ad da inji ke ƙasa, ko an sauke giyabos don sauya kulochi. Idan komai na cikin mota, a kwance dogon ƙarfen da ya haɗa giyabos da difaransha daga ɓangaren giyabos, a ɗaga wutsiyar giyabos da jak a hankali. Inji zai sunkuya gaba ya ba da ƙarin wuri a baya. Tiyon hita kuwa a tsaga shi da reza a ɓare, kada a murɗa. Bakunan hita ƙarfe ne mai laushi, filaya tana lotsa su, kuma gyaransu sai an sauke dashbod.

Gaba ba shi da wahala. Hanya mai sauƙi ita ce a bar tsohon wuyan a wurinsa, a cire tamostat, a rufe bakin da farantin alminiyam mai kaurin milimita 6 da gaskit. Hanya mai tsabta ita ce a cire wuyan gaba ɗaya lokacin sauya tayimin bel, a buga toshiyar ƙarfe mai milimita 30 a ramin kan inji, a ɗora faranti a kanta don kada matsi ya turo ta. Idan an bi hanya ta biyun, ƙananan tiyo biyu masu milimita 8 da ke haɗuwa a wuyan sai a haɗa su da juna, ruwan da ya fito daga maƙoshin iska ya wuce kai tsaye zuwa mashigar famfo. A 1.8 wannan layin ne ke ratsa na'urar sanyaya mai da ke gindin filta, toshe shi ya kashe ta.

Masu 1.6 na 1990 zuwa 1993 suna da ƙarin aiki guda: makunnin fankarsu a kan murfin tamostat na gaba yake, yana tashi a kusan digiri 97. Idan aka bar shi a gaba a cikin ruwan da ba ya gudu, zai makara. Ko dai a bar ƙananan tiyon suna jan ruwa ta wurin, ko a yi masa rami a baya a ƙara wayarsa. Daga 1994 ƙwaƙwalwa ce ke kunna fanka, babu wannan damuwa. Haka kuma a bayan kan injin 1.6 akwai wata 'yar hular roba da ke toshe bakin da ba a amfani da shi. Ta tsufa a kowace mota yanzu, a sauya ta tunda hannu ya kai wurin.

Injin VVT na 2001 zuwa 2005, mai sauya lokacin buɗe bawul da kansa, magana ce ta daban. A wannan injin Mazda ta sauya tsarin ramukan gaskit na kan inji don ta tilasta wa ruwa zuwa baya. Idan aka yi juyin a kan wannan gaskit, akwai fargabar matsalar ta koma gaba. Masana motar sun rabu a kan girman haɗarin. Namu ra'ayin, idan injin zai ɗauki turbo ko an riga an buɗe shi, a sa gaskit na 1994 zuwa 2000 tare da juyin. Idan motar gari ce kuma ba a buɗe ta ba, a bar ta yadda take.

Cika ruwa da fitar da iska

Tsarin yana ɗaukar kusan lita 6. Bayan juyin, bayan kan inji ya zama wurin da iska ke taruwa, kuma haɗin Kia ba shi da bakin fitar da ita. A ɗaga gaban mota sosai har bakin lagireto ya fi komai tsawo, a kafa mazurari a bakin, a zuba a hankali ana matsa dogon tiyon. A tayar da inji, a jira tamostat ta buɗe, abin da za a gane idan tiyon ya yi zafi daga baya har gaba kuma ruwan mazurari ya faɗa. A bari fanka ta tashi ta tsaya sau biyu. Idan hita na hura sanyi alhali inji ya yi zafi, da sauran iska. A bar mota ta huce gaba ɗaya, a sake cikawa, a duba ƙarƙashin zoben da madubi da tocila, a ƙara matse kilif, domin sabuwar roba tana kwanciya bayan zafin farko.

Ruwan ya zama tatacce irin na batir wanda ba a sa wa asid ba, a gauraya da ruwan sanyaya inji. Inda ake ƙanƙara rabi da rabi ne. Inda ba a yi, kashi 70 ruwa da kashi 30 magani ya fi ɗaukar zafi kuma ya isa hana tsatsa. Murfin lagireto ya zama sabo, mai bar 0.9 zuwa 1.1. Allurar dashbod ba abin dogaro ba ce wajen tantance aikin, an yi ta ne ta zauna a tsakiya a kan faɗin digiri masu yawa, sai abu ya ɓaci take motsawa. A karanta zafin daga ƙwaƙwalwa ta OBD, soket ɗin da ake jona na'urar gwaji, idan motar na da shi, ko a sa ma'auni na daban a jikin zoben.

Idan aka ɗora wannan haɗi kusa da na kwali, bambancin a bayyane yake. QMax na Supermiata, alal misali, gida ɗaya ne da aka sassaƙa, tamostat na zaune a bayan inji, yana da bakin fitar da iska, tiyonsa kuma guda ne daga baya har lagireto. Wuraren yoyo sun ragu, fitar da iska ta yi sauƙi. Akwai kuma wani nau'in da ke sa tamostat a tsakiyar tiyo, nesa da inji, don sauƙin sauyawa. Wannan ba ma ba da shawararsa, domin tamostat da ke nesa da ruwan da ke gudu tana jin zafi a makare. Wanda zai biya bakanike kuɗin aiki, ko zai yi aikin inji na cikin mota, ya sayi na kwali mai tamostat a jikin inji. Wanda injinsa ke kan tebur, yana da mai sassaƙa da ya yarda da shi, kuma shigo da kaya daga Amurka zai ninka masa kuɗi, haɗin Kia zai ba shi hanyar ruwa iri ɗaya.

Ko wanne aka zaɓa, juyin yana raba zafi daidai ne tsakanin silinda huɗu, ba ya ƙara wa lagireto girma. Lagireton MX-5 na asali kansa na roba ne, baƙi yake yana sabo, idan ya koma ruwan ƙasa ya kusa tsagewa, a sauya shi a rana ɗaya da juyin. Faifan robar da ke ƙarƙashin inji, wanda ake yawan cirewa a yar, shi ke sa iska ta ratsa lagireto maimakon ta zagaye shi. A mayar da shi, a toshe gefunan lagireto da soso mai jure zafi, a tabbatar fankokin biyu na juyawa idan an kunna AC.